Shayin Kwandon Manaja

"Ƙarya kike yi!" Manaja ya daki tebur. "Shayi mai daɗi haka, ki ce ba ki taɓa kuɗin ofis ba?"

Sakatariya ta yi tsuru-tsuru. Shi ne malaminta a shirin da manya ke koya wa ƙanana aiki, kuma darasinsa kullum ɗaya ne: kar a sayi komai, kar a zubar da komai. Ga taron shirin, wanda ta dafa shayin dominsa, saura awa guda, ga shi yana rantsuwar korarta.

"Wallahi Yallaɓai, ko ashana ban saya ba."

"To daga sama ya faɗo?" Ya ƙara kurɓa har da lumshe ido. Kofi na uku ke nan, wai ɗanɗanawa yake yi.

"Ganyen shayin da kake jefarwa ne. Wata guda ina tsintowa daga kwandon shararka, ina shanyawa a taga."

Kwandon nan kuwa, jama'a, ciki yake tofa majina, ciki yake yanke farce.

Ya dubi kofi, ya dubi kwando.

"Na iya darasin, Yallaɓai?"

Ya toshe baki, ya fita a guje, ya buga ƙofa garam!