Iskar Birki

"Taka!" ya ce wa matarsa daga ƙarƙashin motar. Maganarsu ta farko ke nan bayan kwana tara suna gaba. Cire iskar birki sai mutum biyu, kuma a zafin Agusta na ƙasar Larabawa duk unguwar Abu Hail babu mai fitowa ya ara masa ƙafa.

"Na taka, Malam. Ashe bakin yana aiki?"

Daɗi ya kama shi har sifana ta suɓuce masa. Ya sassauta noti, kumfa ta biyo tiyo. Kowace taya da gorin da take yi masa, shi kuwa sai washe baki yake.

"Birkin ya yi tauri," ta ce. "Kalas? An gama?"

Ya dubi man birkin, tas, ko ɗigon kumfa babu.

"Ina! Da saura, Hajiya." Ya rarrafa ya koma tayar baya.