Loma Ɗaya

Hajiyar da ta tare shi a Ƙauyen Alu ta shigo da kula biyu, ta ɗora su a cinya. Kafin Ɗahiru ya tayar da a-daidaita-sahunsa ya gane abin da ke ciki: farfesun kayan ciki ne, ya ji daddawa da citta. Yawu ya cika masa baki. Ya haɗiye, ya hau titi.

Kwana goma sha ɗaya ke nan rabonsa da tauna wani abu. Da safe kunu tsararo rabin kofi, da rana romon kaza da aka tace sau biyu, da yamma madara ba sukari. Haka takardar likita ta ce, kuma sai an yi kwana ashirin da ɗaya a haka. Likitan da ya yi aikin rage ƙibar har zana musu ya yi a takarda, shi da matarsa Husaina: an yanke tumbi, abin da ya saura bai fi ayaba ba, ɗinki ne kawai ke riƙe da shi. Loma ɗaya mai tauri tana iya farke shi.

An kuma ga zahiri. Kwana shida da yin aikin, Ɗahiru ya shigo da biredi gidan da hannunsa. Loma ɗaya aka yi, sai amai, sai jini, sai komawa asibiti. Likita ya ce da ɗinkin ya buɗe, da sai dai wani labarin, ya kuma ce a sake ƙirga kwanakin daga farko. A ɗakin asibitin nan Ɗahiru ya riƙe hannun Husaina, tana kuka yana kuka, ya rantse mata ba abin da zai sake wuce maƙogwaronsa sai abin da ke cikin takardar.

Rantsuwar ba ta yi wuya ba. Kwanakin ne suka yi wuya.

A mahaɗar Gyaɗi-Gyaɗi wata motar 'yan kamfe ta tare hanya, lasifika na ta rera sunan ɗan takara. Ɗahiru ya ga fastocin jikin motar suna rabuwa biyu, idonsa ya yi duhu. Da ya farga, hancin kekensa ya kusa shiga ƙarƙashin motar. Ya taka birki, kula ɗaya ta tuntsure, romo ya malale a ƙasan keken.

"Malam, kashe ni za ka yi? Sauke ni a nan!"

Hajiya ta kwashi kayanta ta tafi tana mita. Ƙanshin bai bi ta ba.

Bai san lokacin da ya karya kan keken zuwa titin gidan zu ba. La'asar ta yi sanyi, Ɗanladi mai tsire ya kafa tsinkaye a kewayen wuta, kitse na ɗiga yana ƙara.

"Malam Ɗahiru! Kwana biyu ka ɓuya. Kai, ka ƙara ramewa fa."

"Sa min tsinke uku. Ka cika ƙuli."

Ya karɓi ƙunshin ya zaga bayan wani kango, ya tsuguna kamar ɓarawo. Ya warware takardar da aka naɗe tsiren. Ba wanda zai sani, in ji zuciyarsa. Yanka ɗaya. Ka tauna shi ya yi laushi, ai kusan ruwa ne.

Ya jefa yankan a baki.

Gishiri, yaji, zafin kitse. Ya rufe ido yana taunawa, hawaye na bin kumatunsa. Naman ya narke, ya taru a bakin maƙogwaro, saura kawai ya saki. Sai ya tuno jinin da ya gani a cikin roba ranar nan, da yadda Husaina ta ƙanƙame hannunsa tana cewa ita kam ba za ta iya wannan tafiya ba in ya karaya.

Ya tofar. Ya sake tofarwa har sai da bakinsa ya bushe, ya dafa bango yana shessheƙa. Ya mayar wa Ɗanladi ƙunshin, ya sayi ruwan leda biyu ya kurkure baki, ya goge haƙora da asuwaki har dasashinsa ya yi ja.

Ya samu Husaina a falo, ta jingina da matashi, kofuna biyu na madara a kan tire suna jiransa. Ko zama bai yi ba ta ɗago kai.

"Baban Zainab, ƙanshin tsire kake."

Ya sunkuyar da kai. "Na tauna. Wallahi ban haɗiye ba."

Ta daɗe tana kallonsa: wuyan rigar da ya yi masa yawa, da idanun da suka faɗa.

"Wannan rantsuwa za ta kashe ka," ta ce. "Ka yi kaffara ka huta. Na yafe."

"Saura kwana goma," ya ce. "Sha a hankali, cokali-cokali."

Ya durƙusa ya miƙa mata kofinta, ya gyara mata zani a kan filastar da ta rufe ɗinkin cikinta, sannan ya ɗauki nasa kofin, shi da wuƙar likita ba ta taɓa taɓa jikinsa ba.