Iso a Gidan Alhaji Sodangi

Zauren Alhaji Sodangi a Kurfi duhu gare shi, hotunan sunan jikansa duk baƙi suke fita. Zaharaddin mai hoto ya haɗa gumi, ga Hafiza 'yar gidan, wadda ya daɗe yana so a ɓoye, tana leƙowa.

"Lafiya, ɗan nan?" in ji Goggo Rahamatu, ƙanwar Alhaji, wadda ta lura da yadda yake satar kallon Hafiza.

"ISO nake nema, Goggo," ya ce, yana laluben maɓallin da ke sa kyamara ta ƙara ɗaukar haske.

Goggo ta shige ciki da sauri. Hoto ya fara washewa ke nan, sai ga ta da guɗa.

"Na yi maka iso! Alhaji ya ce ka shigo, ya ji yaushe za ka turo magabatanka."