Gurbin Babban Yatsa

"Wanda ya yi maka ɗorin nan ya cuce ka, Malam," in ji likitan, yana ɗaga hoton ƙashin wajen haske. "Dubi yadda ya haɗe a karkace."

Ya duba, bai ji komai ba. Tun da aka kai mahaifinsa makwanci, ko abinci ba ya jin ɗanɗanonsa. Matarsa ce ma ta matsa ya zo asibitin.

Babur ne ya kayar da shi a hanyar Batagarawa, ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye. Aka kai shi gidansu a Ƙofar Marusa, wajen mahaifin nasa, wanda ya shekara da shekaru yana ɗori kafin rawar hannu ta sa ya bari. Kowa ya ce a tafi asibiti. Tsohon ya ce, "Na yi ma ɗiyan mutane ɗori, nawa ne zan miƙa ma wani?" Ya yi bisimilla, ya tofa, ya danna da babban yatsa, hannun yana karkarwa. Kafin a kwance ɗaurin, Allah ya yi ma tsohon rasuwa.

"Za mu sake karya shi, mu sa ƙarfe, ya miƙe sumul," in ji likitan. "Ko ka gamsu da shi haka?"

Ya zura hannu cikin wuyan rigarsa. Kusa da ƙullin ƙashin akwai ɗan gurbi, daidai faɗin babban yatsa.

"Na gamsu, likita. A bar mani shi yadda Baba ya bar shi."