Ba Hoto, Ba Bargo

Tun da Ungozoma ta iso garin nan da 'yarta, a kan kwali suke kwana. Ɗakin da suka samu a saman wani shagon faci yake, tagarsa ba gilashi, sai leda da ta manna da hannunta. Sanyi ya kama ƙirjin yarinyar, tana ta tari kamar ranta zai fita.

Sunan sana'arta ne ya bi ta, domin a garinsu rabin yaran unguwa a hannunta suka faɗo duniya. Da 'yan bindiga suka mamaye garin, sai suka riƙa tasa ta gaba dole tana ɗinke musu raunuka. Ta ga fuskokinsu, ta san abin da kowannensu ya aikata. Ranar da ta gudu, yayanta ya tsaya saboda mahaifiyarsu da ƙafa ta daina ɗauka. Da suka zo nemanta, ya rantse musu cewa ruwa ya ci ta ita da 'yarta wajen tsallake kogi. Suka yarda, suka ƙyale shi. Wato Yaya zai zauna lafiya ne muddin ana ɗauka ƙanwarsa ta mutu.

Wata maƙwabciya ta kwatanta mata cibiyar da ke taimakon baƙi da 'yan gudun hijira. Ba za a ci haƙƙinsu ba, suna aiki. Suna koyar da harshen gari, suna raka mutum asibiti, suna sama wa yara makaranta. Amma suna da wata muguwar ɗabi'a: ko allura za a ba ka, sai ka tsaya gaban wani ƙaton ƙyalle mai ɗauke da sunan cibiyar an ɗauke ka hoto.

Shugabar wurin, wadda kowa ke kira Anti, ita ma baƙuwa ce a da, kuma harshensu ɗaya da Ungozoma. Ungozoma ta je da 'yarta, ta bi layi. Da layi ya zo kanta, Anti ta miƙo bargo mai kauri, amma ba ta saki ba.

"Matso nan, 'yar'uwa. Kalli mai hoto."

Ungozoma ta rage murya. "Anti, don Allah a bar hoton nan. Akwai dalili."

"Kowa da dalilinsa. Waccan ta ce ba ta yi kwalliya ba, wancan ya ce bai yi aski ba." Mutane suka yi dariya.

"Ba kwalliya ba ce, Anti. Ina da mutane a gida. In aka gan ni..."

"Wa zai gan ki? Ke wace ce, 'yar fim?" Anti ta duba layin da ya kai bakin ƙofa. "Masu ba mu kayan nan so suke su ga inda ya shiga. Ba hoto, ba bargo. Kina tsayar mana da aiki."

Minti ɗaya kacal za ta ja ta gefe ta saurare ta. Wallahi minti ɗaya! Amma Anti ba ta da shi.

Yarinyar ta sake turnuƙewa da tari. Ungozoma ta dube ta, ta dubi bargon, sannan ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta ta matsa. Sai Anti ta sa hannu ta janye mayafin, tana dariya.

"Haba, wannan kyakkyawar fuska za ki ɓoye mana? Murmushi!"

Kafin yamma hoton ya hau shafin cibiyar na intanet, an rubuta a ƙasansa cewa wata ungozoma da 'yarta sun samu ɗumi. Jama'a suka yi ta yabo, suna turawa gaba. Anti kuwa baki har kunne.

Ba a rufa mako ba, waya ta shigo daga gida. Muryar tsohuwa ce, mahaifiyarta.

"Sun zo, 'yar nan. Wayarsu suka nuna wa yayanki, ga ki nan riƙe da bargo. Suka ce, ashe matattu ma suna jin sanyi? Ko takalmi ba su bari ya sa ba."

"Inna, ina suka kai shi?"

"Ban sani ba. Ina nan inda ya bar ni. Ban iya tashi na rufe ƙofar ba ma."

Da safe Ungozoma ta koma cibiyar. Ba ta yi ihu ba, ta dai faɗa wa Anti komai a gaban kowa. Anti ta hau lalubar waya.

"Innalillahi! Me ya sa ba ki yi mini bayani ba? Yanzu-yanzu zan goge shi."

"Na fara yi miki, kika ce ina tsayar da aiki," in ji Ungozoma. "Goge, Anti. In kin gama, ki goge na cikin wayarsu ma."

Har yau ba a ji ɗuriyar Yaya ba. Maƙwabta ne ke leƙa tsohuwa in sun samu hali. Yarinyar ta warke, tana kwana cikin bargon, uwarta kuwa ta gwammace sanyi da ta taɓa shi.

Jama'a, wanda ya gudo da ransa ya san abin da ya baro, mu ba mu sani ba. In za ku taimaki baƙo, ku saurare shi, ku rufa masa asiri, kuma kada ku ɗauki hotonsa sai da yardarsa. In ya ce a'a, ku ba shi kayan ku ajiye wayar.