Barde a Kwale-kwale

Ya caka gorar tuƙi da dukan ƙarfinsa, yadda ya saba caka mashi. Ta nutse cikin laka ta kafe, kwale-kwalen ya yi tangal-tangal.

Yau ya fara shiga jirgi. A kan doki ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa Haɗeja yaƙi. Da kibiya ta lalata masa gwiwa, fada ta karɓe dokin da sulken, ta manta da shi. Yunwa ce ta kawo shi koyon su wurin wannan masunci mai furfura.

"Sassauta hannu, barde," in ji masuncin. "Dafa ƙasa ake yi, ba suka ba."

"Laka ce fa, malam. Me za ta ji?"

Masuncin ya daɗe yana kallon ruwan ambaliyar da ya shafe ko'ina.

"Kafin ku zo ku ƙone ta, nan unguwarmu ce. Tun a bakin gaɓa na gane tabon goshinka." Ya kama gorar, ya zare ta a hankali. "Inda ka soka ɗin nan muka binne mahaifiyata. Wancan karon ma ba ka sassauta ba."