Tambayar Kowace Safiya

A wurin suna aka baza labarin, wai ɗan Kumasin nan mai aikin sito ya maka kamfaninsu a kotu kan wasa ɗaya tak. Kwaɗayi ne, in ji mata.

Wata tsohuwar malama da ta san gidan ubansa, ita ba ta yarda da "an ce". Ta hau bas zuwa unguwar Glenwood inda yake zaune, ta same shi shi kaɗai. Tunda aka fara shari'ar ba wanda ya leƙo shi.

"Wane wasa aka yi maka, ɗana?"

"Manaja ne, Hajiya. Kullum da safe sai ya nuna tsagar fuskata ya ce, yau ma kyanwar ta yakushe ka? Ni kuwa in yi dariya, ai ba a ɗaure wa na gaba fuska. Shekara shida. Lauyansu ya ce wanda ya yi dariya bai ji ciwo ba."

Ta gyara tabarau tana neman tsaga ukun nan na gidan ubansa. Kumatun sumul.

Ashe bara ya je wurin likita aka goge su. Ran da ya koma aiki, manajan ya tambaye shi ina kyanwar ta tafi.